Max Planck, Malamin Da Ya Gano Mudun Awon Haske

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san idan ƙarfe ya sha wuta sai ya yi ja, in wutar ta ƙaru ya koma fari. To, neman dalilin wannan shi ne ya ɗaukaka sunan wani Bajamushe, Max Planck.

An haife shi a garin Kiel ran 23 ga Afrilu, 1858. Da ya shiga jami'ar Munich, wani malaminsa ya ba shi shawara ya bar kimiyyar fiziks, wai kusan an gama gano kome a cikinta. Bai bi shawarar ba. Yana ɗan shekara 21 ya sami digirin dakta, a 1889 kuma ya koma koyarwa a Berlin.

A lokacin, lissafin masana ya kasa dacewa da hasken da abu mai zafi ke fitarwa. Ran 14 ga Disamba, 1900, Planck ya bayyana cewa ƙarfin hasken nan ba kwarara yake yi kamar ruwa ba, mudu-mudu yake fita, kuma babu rabin mudu. Girman mudun shi ne yawan kaɗawar hasken sau wata lamba wadda ba ta sakewa, ana rubuta ta da harafin h. Don ƙanƙantarta, sai an jera sifiri 33 bayan ɗigo kafin a rubuta 6626. Da ita Einstein ya yi aiki a 1905, da ita kuma Niels Bohr ya bayyana tsarin ƙwayar zarra a 1913. Planck ya sami lambar Nobel ta 1918.

Amma fa a gida ya ga jarrabawa. Matarsa ta rasu a 1909, aka kashe ɗansa Karl a yaƙi a 1916, 'yan tagwayensa mata suka rasu wajen haihuwa, ɗaya a 1917, ɗaya a 1919. A 1933 ya je gaban Hitila ya roƙa a ƙyale masana Yahudawa, aka yi watsi da roƙon. Bom ya ƙone gidansa da takardunsa a 1944. Cikin Janairun 1945 aka rataye ɗansa Erwin bisa zargin hannu a yunƙurin kashe Hitila. Tsohon ya rasu a Göttingen ran 4 ga Oktoba, 1947, yana da shekara 89.

Aikinsa kuwa bai bi shi kabari ba. Tun 1889 wani curin ƙarfe da aka ajiye kusa da Faris shi ne uban kilo na duniya. Ran 20 ga Mayu, 2019, aka sauke shi, aka ɗora awon kilo bisa lambar Planck. Saboda haka, ɗan'uwa mai sayar da nama a Agege ko Sabo Ibadan, kilon da ke kan sikelinka tushensa lissafin mutumin nan ne.