Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu, uwar ƴan taru

Duk wanda ya kai ziyara birnin Sakkwato, in ya gama salla a Masallacin Shehu, da wuya ya koma gida bai taka zuwa Hubbare ba. Can ne gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, can ne kuma makwancinsa. A cikin wannan gida, kusa da mahaifinta, aka rufe Nana Asma'u. Mata daga Nijeriya da Nijar suna tuɗe takalmansu a ƙofa, su shiga su yi mata addu'a. Ya kamata mu san dalilin wannan girmamawa.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel, cikin ƙasar Gobir, a shekara ta 1793. Mahaifinta kuwa haifaffen Maratta ne, kusa da Galmi, cikin ƙasarmu. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da Hasan. Tana da shekara 11 sa'ad da jama'ar Shehu suka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka ta ga yunwa da ƙaura da yaƙi da idonta. Amma duk wannan wahala ba ta raba ta da allo ba. Ta hardace Alƙur'ani, ta naƙalci Larabci, ta yi rubutu da Fulatanci da Hausa.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya zama wazirin ɗan'uwanta Muhammadu Bello. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ta tsaya ga kula da littattafansa, ta mai da waɗansu waƙoƙinsa cikin Hausa don talakawa su fahimta. Ta shirya waƙa mai jera sunayen surorin Alƙur'ani don sauƙin riƙewa, ta yi marsiyyoyi, ta kuma rubuta labarin yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda suka rasa rayukansu. Mutanen Maraɗi da Tsibiri suna da nasu labarin wannan rana, domin kakanninsu ne ke ɗaya gefen. Duk da haka aikin da ta yi wa mata ya wuce iyakar daula.

A cikin shekarun 1830 ta lura cewa matan ƙauye ba su da hanyar zuwa makaranta: ga aure, ga goyo, ga daka da ɗiban ruwa. Sai ta zaɓi dattijan mata masu hankali, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa da jan rawani. Malfar nan irin wadda aka san Innar Gobir da ita ce, shugabar ƴan bori, don haka matan ƙauye suka gane girman mai sanye da ita tun daga nesa. Jaji takan taho Sakkwato a ƙafa tare da tsofaffi da ƴan mata, su hardace waƙoƙi a kan tsarki da salla da gaskiya da jinyar marar lafiya, su koma su koya wa waɗanda ke cikin gidaje. Su ne ake kira ƴan taru. Abin sadaka da suka kawo kuwa, hatsi ko zuma ko zane, takan raba shi ga mabukata.

Allah ya yi mata rasuwa a 1864. Rubuce-rubucenta wajen 60 sun tsira cikin gidan Waziri, har Jean Boyd da Beverly Mack suka tara su cikin littafi guda a 1997.

To, jama'ar Sarkin Hausa da Mayahi da Tasawa, sai mu yi wa kanmu hisabi. Maigidan da ke hana matarsa zuwa ajin yaƙi da jahilci, ko ya fid da ɗiyarsa daga lakwal, yana kafa hujja da addini, ya tuna da yadda Shehu ya reni tasa ɗiya. Wadda kuma ta samu takardar shaida, kada ta naɗe ta cikin kwalla. Ta zama jajin unguwarsu, ta koya wa maƙwabciyarta. Hukumomi su ma su duba: Nana ba ta jira mata su zo gare ta duka ba, ta aika musu da karatu har ƙofar ɗaki.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya sa mu yi koyi da ita, amin.