Guy Debord da Baƙin Allon Majigi

An haifi Guy Debord a birnin Paris cikin shekarar 1931. Yana ɗan shekara 20 ya fitar da fim ɗinsa na farko, Hurlements en faveur de Sade (1952), wanda babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Idan ana magana, allon majigi yakan yi fari fat. Da zarar muryoyi sun ɗauke, sai ya koma baƙi ƙirin. Minti 24 na ƙarshe duhu ne zalla da shiru. A nunin farko, ranar 30 ga Yuni, 'yan kallo suka harzuƙa, aka tsayar da fim ɗin tun bai yi nisa ba.

Duhun nan hujja ce. A ganin Debord, hoto ya mayar da mutum ɗan kallon rayuwarsa, ra'ayin da ya faɗaɗa a littafinsa La Société du spectacle (1967). Hana ido abin kallo shi ne matakinsa na farko na farkar da mai kallo.

A 1984, bayan kisan mawallafinsa Gérard Lebovici, ya hana nuna finafinansa a Faransa. Ya kashe kansa a 1994.