Andrew Mynarski: Matashin da ya koma cikin wuta saboda abokinsa

A ce jirgin da kake ciki ya kama da wuta, ga ƙofar tsira a gabanka, sai ka hango abokinka ya maƙale can baya. Me za ka yi? Kar ka yi saurin amsawa, bari ka ji abin da Andrew Mynarski ya yi tukuna.

An haife shi a birnin Winnipeg na Kanada a 1916, iyayensa 'yan ci-rani ne daga Foland. Yana ɗan shekara 16 mahaifinsa ya rasu, ya kama aikin yankan fata don tallafa wa gida. A 1941 ya shiga rundunar sojin saman Kanada, ya zama maharbi a jirgin jefa bama-bamai samfurin Lancaster.

A daren 12 ga Yunin 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka tura su kai farmaki kan tashar jiragen ƙasa ta Cambrai a Faransa. Jirgin Jamus ya harbe su, wuta ta tashi, matuƙi ya ce kowa ya dira da lema. Mynarski ya kai bakin ƙofa ke nan sai ya hango abokinsa Pat Brophy, ɗan akurkin harbin da yake ciki a wutsiyar jirgin ya cije.

Sai ya juya fa. Ya rarrafa ta cikin man da ke ci bal-bal, ya yi ta saran ƙofar da gatari, ya koma ja da hannu, ta ƙi buɗuwa. Kayansa da lemarsa duk sun kama. Da Brophy ya matsa masa ya tafi, ya koma bakin ƙofa, ya ƙame ya sara wa abokinsa, sannan ya dira. Manoman Faransa suka tsince shi da rai, amma ƙunar ta yi ajalinsa yana da shekara 27.

Ka san abin mamakin? Jirgin ya faɗi da Brophy a ciki, kuma ya rayu. Shi ya ba da labarin, har aka ba Mynarski lambar Victoria Cross, mafi girma ta jarumtaka a Birtaniya da ƙasashen renonta, a 1946.

Ka lura, ba shi ya ceci Brophy ba, kuma babu kyamara a wurin. Shaidarsa mutum ɗaya ne, wanda shi ma ake ganin ba zai kai safe ba. To kai fa, wane alheri kake yi idan ka san ba mai ɗauka ya ɗora a Facebook?