Abul Ƙasim Az-Zahrawi da Ciwon Jinin da Ba Ya Tsayawa

Sunansa Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas. Ana yi masa laƙabi da Az-Zahrawi saboda birnin Zahra'u da ke kusa da Ƙurɗuba a ƙasar Andalus, wato Sifen ta yau. An haife shi wajen shekara ta 936 Miladiyya, ya rasu wajen 1013. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Ya yi aikin likitanci a fadar Halifa Al-Hakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976. Bayan shekaru masu yawa yana duba marasa lafiya, sai ya tattara abin da ya sani cikin littafinsa At-Tasrif mai kashi 30. Kashin ƙarshe kan fiɗa ne, inda ya zana kayan aiki kusan 200, ya yi bayanin ɗinke rauni da zaren hanjin dabba, har da babi kan kaciyar yara. A ƙarni na 12 aka fassara wannan kashi zuwa Latin, Turawa suka daɗe suna karantar da shi.

Daga cikin abin da ya rubuta akwai labarin wani ƙauye inda maza kan mutu saboda zubar jini daga ɗan ƙaramin rauni. Don haka ake lissafa shi cikin likitocin farko da suka siffanta ciwon da yau ake kira himofiliya.

Masana na baya sun gano dalilinsa. Jinin mai ciwon yana da ƙarancin sinadarin da ke sa shi daskarewa, na takwas ko na tara. Yawanci gado ne ta wajen uwa: ita tana iya zama lafiya lau, amma kowane ɗa namiji da ta haifa yana iya ɗauka ko ya kuɓuta, rabi da rabi.

Tun 1947 jami'ar da ke Chapel Hill a Amurka take kiwon karnuka masu wannan ciwo domin bincike. A jikin irinsu da na ɓeraye aka fara gwada dabarar gyaran ƙwayar gado: a ɗora lafiyayyar ƙwayar a kan bairas marar cutarwa, ya kai ta hanta, hanta ta shiga yin sinadarin da kanta. A 2022 Amurka ta amince da Hemgenix ga manya masu ƙarancin sinadari na tara, a kan kuɗi dala miliyan uku da rabi.

Wannan kuɗi ya fi ƙarfin talaka, amma lura irin ta Az-Zahrawi ba a sayenta. Ya ku ƴan'uwa na Garagumsa da kewaye, sau da yawa ranar kaciya ciwon nan yake fara bayyana. Idan a dangin uwa an taɓa samun yaron da jininsa ya ƙi tsayawa, ko wanda gwiwarsa ke kumbura ba tare da wani babban dalili ba, kada a ɓoye wa wanzami. A dakata da kaciya, da ƙaho, da cire belu, a kai yaron likita, ko da zuwa babban asibitin Damagaram ne, a auna jininsa tukuna. Allah Ya tsare mana zuriyarmu, amin.