Mary Slessor, Macen da Ta Tsaya wa Waɗanda Aka Ɗora wa Maita

'Yan'uwa, a ƙauyukanmu na wajen Birnin Tudu, da Mafara, da Bakura, da Maradun, mun san abin da yakan faru sa'ad da yaro ya kwanta da zazzaɓi mai zafi ya ambaci sunan wata tsohuwa. Nan da nan a ce mayya ce, ta kama kurwarsa. A jawo ta a gaban jama'a, a tilasta ta ta tsallake shi, wani lokaci har da dūka. Saboda wannan nake so mu ji labarin wata baiwar Allah da ta tarar da irin wannan abu a Kudu, ba ta kuwa yi shiru ba.

An haifi Mary Slessor a Aberdeen, ƙasar Sikotlan, ran 2 ga Disamba 1848. Iyayenta matalauta ne, ubanta kuwa mashayi. Tana da shekara 11 ta shiga aiki a masaƙa a garin Dundee. A shekara ta 1876 ta shigo jirgin ruwa zuwa Kalaba domin aikin bishara. Ta koyi harshen Efik sarai, ta ci abincin mutanen, ta zauna a ɗakin ƙasa kamarsu.

A zamanin nan mutanen wurin ba su yarda mutum yana mutuwa haka kawai ba, sai dai da hannun wani. Wanda aka tuhuma da maita akan ba shi wani wake mai dafi, wai shi esere. Idan ya amayar, a ce ba shi da laifi. Idan ya mutu, a ce maye ne. Ashe dafi bai san mai laifi ba, kowa yakan kashe. Tagwaye kuma akan hallaka su, a kori uwarsu jeji. Mary ta riƙa tsince su, har ta goya waɗansu a gidanta.

A 1888 ta koma ƙasar Okoyong, ta sauka a ƙauyen Ekenge. Ba a daɗe ba gungume ya faɗa wa Etim, ɗan sarki Edem, ya kwanta har ya mutu. Boka ya ɗora laifin a kan mutanen wani ƙauye. Aka kamo waɗansu maza da mata, aka ɗaure su da sarƙa domin a ba su dafin. Mary ba ta da bindiga, ba ta da dogari. Sai ta tafi ta zauna kusa da ɗaurarrun dare da rana, tana roƙon sarki, tana gardama da dattawa, ta ƙi tashi. 'Yar'uwar sarki, Ma Eme, ta taimake ta a ɓoye. Da kaɗan da kaɗan aka sake su duka, aka yanka saniya a maimakonsu, aka binne Etim ba tare da jinin mutum ba.

Daga baya gwamnati ta sa ta shari'a a ƙasar Okoyong. Ta rasu ran 13 ga Janairu 1915 a Use Ikot Oku, aka binne ta a Kalaba. Waken nan kuwa, masana sun fitar da maganin ciwon ido daga cikinsa.

Mary ba ta jira an gama kisa ta zo ta'aziyya ba, ta je tun mutanen suna ɗaure. Yau mun sani sauro ke kawo zazzaɓin da ke sa yaro sambatu, sanƙarau kuma ƙwayar cuta ce, asibiti yana da maganinsu. Dokar ƙasa ta hana ɗora wa mutum maita. Amma galibi gwauruwa ce ake kamawa, ko bare marar dangi, gama ba su da mai tsaya musu. In aka taru a ƙofar irin wannan tsohuwa a ƙauyenku, dattawan ikilisiya su fara isa wurin, su zauna tare da ita, waɗansu kuma su ɗauki yaron zuwa asibiti.