Manuwel Garsiya, Mutumin da Ya Ga Muryarsa

An haifi Manuwel Garsiya a ƙasar Sifen ran 17 ga watan Maris, 1805. Gidansu gidan waƙa ne. Ubansa babban mawaƙi ne wanda aka sani ko'ina a Turai, uwarsa ma tana waƙa, ƙannensa mata biyu kuwa, Mariya da Folin, sun yi suna har sun fi uban. Tun Manuwel yana ƙarami ubansa ya shiga koya masa. Uban kuwa mutum ne mai zafin hali, ba ya ɗaga wa ɗalibi ƙafa ko da ɗansa ne.

A cikin shekara ta 1825 suka ƙetare teku su duka, suka tafi Amurka yin wasan kwaikwayo irin na Italiya, wanda ake yi da waƙa daga farko har ƙarshe. Manuwel ya yi ta waƙa ba hutu, alhali kuwa muryarsa ba ta gama nuna ba. Da ya komo Turai sai ya tarar ta raunana. A 1829 ya bar waƙa a gaban jama'a, yana saurayi. Wannan ba ƙaramin baƙin ciki ba ne ga ɗan gidan da ba su da wata sana'a sai murya.

Daga nan ya bi sojan Faransa zuwa Aljeriya a 1830. Bayan haka ya yi aiki a asibitocin soja, inda ya sami hanyar duba yadda Allah ya ƙera wuyan ɗan Adam. Abin da ya dame shi ke nan: me ya sa bakin da ke magana shi ne ke waƙa, amma amon ya bambanta? Kuma me ke kashe murya?

Ya zama malamin waƙa a birnin Faris. A 1841 wata budurwa mawaƙiya daga ƙasar Suwidin, mai suna Jeni Lind, ta zo wurinsa muryarta ta dushe saboda yawan aiki. Ya saurare ta, ya hana ta waƙa har mako shida, ya ce ko magana ma ta rage. Da ta huta, ya koma da ita farkon karatu, kamar yaron da bai taɓa riƙe allo ba. Muryarta ta komo, ta zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan zamaninta.

To, ga abin da Garsiya ya gane. A cikin maƙogwaro, bayan zakaran wuya, akwai wasu 'yan tantani guda biyu. In iska ta fito daga huhu ta bi tsakaninsu, sai su yi ta karkarwa, su ba da amo. Amma wannan amo shi kaɗai ba shi da daɗi, kamar a cire bakin algaita a busa shi ba tare da jikinta ba. Sai ya bi ta cikin maƙoshi da baki tukuna ya zama murya. Wannan hanya kuwa, tsawonta ga babban namiji kamar inci 7 ne, kuma ba sandararriya ba ce kamar jikin algaita. Tana tsawo, tana gajarta, tana faɗi, tana tsukewa.

In mutum yana magana, harshe da leɓɓa suna ta gaggawa, baki ba ya buɗewa da yawa, kowane amo da ya fito sai ya wuce nan da nan. In kuwa waƙa zai yi irin ta su Garsiya, wadda ake so ta cika babban zaure, sai haɓa ta sauka, maƙoshi ya buɗe, a riƙe amo ɗaya a ja shi. Garsiya ya koyar cewa murya tana da launi biyu. In zakaran wuya ya hau sama, hanyar ta gajarta, murya ta fito siririya mai haske. In ya sauka ƙasa, rufin baki na can baya wajen beli ya ɗaga, hanyar ta ƙara tsawo da faɗi, sai murya ta yi kauri, kamar ta wanda ya yi magana a cikin tulu. Wanda ya ɗora yatsa a kan zakaran wuyansa ya yi hamma, zai ji shi yana sauka.

Duk da haka bai taɓa ganin tantanin nan suna aiki a wuyan mai rai ba. A 1848 ya ƙaura zuwa Landan. Ran nan, cikin watan Satumba 1854, ya je Faris ziyara, yana yawo a gari, sai dabara ta faɗo masa. Ya tafi wurin wani mai ƙera kayan likitoci, ya sayi ɗan madubi mai doguwar ƙota irin na likitan haƙori, a kan faran 6. Ya tsoma shi a ruwan ɗumi don kada numfashi ya rufe shi da hazo, ya goge, ya kai shi can wajen beli. Ya ɗauki wani madubi a hannu, ya tare hasken rana, ya jefa shi cikin bakinsa. Nan take ya ga tantanin biyu suna buɗewa suna rufewa, har ya hangi maƙogwaronsa can ƙasa.

A 1855 ya kai bayanin abin da ya gani ga babbar ƙungiyar masana ta Landan. Ba su kula ƙwarai ba, watakila don malamin waƙa ne, ba likita ba. Bayan shekara biyu zuwa uku wasu likitoci biyu, Turk da Camak, suka fara duba marasa lafiya da irin madubin nan. Camak ya sa fitila maimakon rana, don rana ba kullum take fitowa a Turai ba. Da haka aka sami hanyar ganin ciwon maƙogwaro ba tare da an yanka wuya ba.

Garsiya ya ci gaba da koyarwa a babbar makarantar kiɗa da waƙa ta Landan har 1895, yana da shekara 90. Ranar da ya cika shekara 100, Sarkin Ingila Edward na Bakwai ya ba shi lambar girma, likitocin maƙogwaro kuma suka taru daga ƙasashe da yawa suka yi masa biki. Ya mutu a Landan ran 1 ga watan Yuli, 1906, yana da shekara 101.