Benjamin Frankel: Malamin Yahudawan da ya buɗe wa ɗalibai gida a saman shagon aski

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Magama ta Jibiya a farkon zangon karatu ya ga motoci cike da samari da 'yan mata da akwatunansu, suna jiran a sallame su su tsallaka Ɗan Isa, su wuce jami'o'in Maraɗi. Uban da ya yi rakiya ya biya kuɗin makaranta, amma abin da ke cin ransa daban ne: a hannun wa yaron zai faɗa, kuma zai dawo da addininsa da tarbiyyarsa kuwa? Shekara ɗari da suka wuce, irin wannan fargaba ce ta addabi iyayen Yahudawa a Amurka, kuma wanda ya tashi nema mata magani shekara 30 kacal ya yi a duniya.

An haifi Benjamin Frankel a 1897 a jihar Illinois. Ya yi karatun addini a Hebrew Union College da ke Cincinnati, kuma tun yana ɗalibi ake tura shi garin Champaign, inda Jami'ar Illinois take, domin ya jagoranci ibadar 'yan tsirarun Yahudawan garin. Abin da ya tarar ya tayar masa da hankali. Da yawa daga ɗaliban 'ya'yan waɗanda suka yi ƙaura ne daga Gabashin Turai, kuma su ne na farko a gidajensu da suka taka jami'a. Zamani ne na tsangwama, har shugaban Jami'ar Harvard ya fito fili a 1922 ya nemi a ƙayyade yawan Yahudawan da za a riƙa ɗauka. Saboda haka yaro kan ga sauƙinsa shi ne ya ɓoye asalinsa, ya ƙaurace wa majami'a, ya saje da jama'a.

Abin mamaki, wanda ya fi ɗaga murya a kan lamarin Kirista ne, Farfesa Edward Chauncey Baldwin, malamin adabin Ingilishi. Ya lura cewa ɗalibansa Yahudawa ba su san littafinsu ba, ya kuwa matsa wa shugabanninsu lamba su yi wani abu. Ga misali a gabansu: tun 1913 mabiya ɗariƙar Methodist suka kafa wa 'ya'yansu cibiyar Wesley a wannan jami'a.

Da aka naɗa Frankel malami a 1923, hanyar da aka saba ita ce ya karɓi majami'a mai albashi tsayayye. Sai ya zaɓi ɗalibai, ba tare da tabbacin abin da zai ci ba. Wani ɗan kasuwar tufafi na Champaign, Isaac Kuhn, ya tsaya masa, haka ma Rabbi Louis Mann na Chicago, wanda ya buga ƙofar masu hannu da shuni. Aka kama hayar ɗaki a saman wani shagon aski, aka fara.

Sunan da aka raɗa wa wurin, Hillel, ba a banza aka zaɓe shi ba. Hillel malami ne da ya taso daga Babila, a Irakin yau, ya je Ƙudus neman ilimi gab da zamanin Annabi Isa, Alaihis Salam. Ruwayar Yahudawa ta ce talauci ya taɓa hana shi kuɗin shiga makaranta, sai ya hau rufin ɗaki yana sauraron darasi har ƙanƙara ta lulluɓe shi. Kowane ɓangare na Yahudawa na girmama shi, kuma nan dabarar Frankel take. Shi ɗan ɓangaren masu sassauci ne, amma bai mai da cibiyar ta ɓangarensa ba. Mai tsananin riƙo da mai sako-sako duk ƙofa ɗaya suke shiga, a yi ibada, a yi darasi da muhawara, a ci abinci tare. Ɗalibai kuma su ke tafiyar da harkokinsu ta kwamitocinsu, malami yana gefe yana ba da shawara. Wanda ya san yadda saɓanin ƙungiyoyi ke raba masallatan makarantu a yau ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Kuɗi ne suka kusa kashe tafiyar. Frankel ya kai kukansa ga B'nai B'rith, tsohuwar ƙungiyar zumuntar Yahudawa da aka kafa a 1843, ta kuwa ɗauki nauyin Hillel a 1925. Rassa suka buɗe a jami'o'in Wisconsin da Ohio da Michigan.

Bai ga nisan tafiyar ba, domin ya rasu a 1927, shekara 21 kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Abokinsa Abram Sachar, malamin tarihi a jami'ar, ya ci gaba da aikin, ya shugabanci Hillel a faɗin Amurka daga 1933, kafin ya zama shugaban farko na Jami'ar Brandeis a 1948. Yau Hillel na da rassa a ɗaruruwan jami'o'i, a Amurka da wajenta.